Yadda Ake Sa Amiga 500 Ta Riƙa Kwance Ƙunshin LHA Da Sauri Ta Hanyar Katin Ƙari

Wanda duk ya taɓa zama gaban Amiga 500 yana jiran ƙunshin LHA, wato fayilolin da aka matse aka haɗa wuri ɗaya, ya kwance ya san irin zaman. Fitilar faifai na ƙyaftawa, na'urar filofi na ta ƙas-ƙas, lambobi na hawa a tagar Shell, inda ake buga umarni, kamar mai ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya. Ka tashi ka sha ruwa ka dawo, ba a kai rabi ba. Kamfanin Commodore ne ya fito da wannan kwamfuta a 1987, da firosesa Motorola 68000 mai gudun megahaz 7 da 'yar ɗoriya, da memori kilobait 512 kacal. Ga shi kuma kusan duk abin da za ka sauko da shi daga Aminet, babban rumbun manhajojin Amiga da ke nan tun 1992, a matse yake zuwa, galibi da LHA, wani lokaci da LZX ko DMS. Babu makawa sai ka kwance.

Ana iya rage wannan jira sosai da kayan ƙari, amma ina roƙonka kada ka sayi komai sai ka auna tukuna. Lokacin kwancewa wuri uku yake tafiya: karanto ƙunshin daga faifai, lissafin da firosesa ke yi a cikin memori, da rubuta abin da aka kwance. Kowanne maganinsa daban. Mutum zai iya kashe kuɗi a kan kati mai tsada, alhali na'urar filofi ce ke cinye masa lokaci.

Me ke faruwa a ciki in ana kwancewa

LhA na Amiga, wanda Stefan Boberg ya rubuta, dabara biyu yake haɗawa. Ta farko ita ce neman maimaici: in jerin haruffa ya taɓa wucewa, maimakon a sake rubuta shi sai a ce "koma baya taki kaza, kwafo guda kaza". A tsarin -lh5-, wanda ya fi yawa a Aminet, iyakar komawa bayan kilobait 8 ce. Ta biyu ita ce lambar Huffman, inda alamar da ta fi yawan zuwa take samun gajeren suna, wadda ba ta cika zuwa ba ta samu dogo. Don haka mai kwancewa aikinsa ɗaya ne ba hutu: ya tsinko 'yan bit, ya duba tebur, ya kwafo daga baya, ya lissafa CRC don tabbatar da cewa fayil bai lalace ba. Duk wannan shiga da fita ne a memori, sau dubbai a daƙiƙa.

A nan ne ginin Amiga ya shigo. Memorin da take zuwa da shi, wanda ake kira Chip RAM, ba na firosesa ba ne ita kaɗai. Ka ɗauke shi kamar famfo ɗaya a unguwa. Agnus, ɗaya daga cikin sassan lantarkin Amiga, ita ce ke tsaye a bakinsa tana raba layi, kuma masu zana hoto a sikirin da masu fitar da sauti da na'urar filofi duk suna gaban firosesa. In Workbench, wato fuskar tagogin Amiga, na kan launi 4 da ya saba, 68000 na samun ɗiban ruwanta ba tare da dogon jira ba. Da ka ƙara launuka a sikirin mai ƙananan ɗigo zuwa 16, layin ya cika, firosesa ta koma gefe har sai an gama zana hoton. Fast RAM kuwa rijiya ce a cikin gida, babu mai taɓa ta sai firosesa.

Mataki na 1: raba lokacin gida uku ka auna

Zaɓi ƙunshi guda ɗaya da za ka riƙa gwaji da shi daga farko har ƙarshe, matsakaici, wanda memorinka zai iya ɗauka. Agogon wayarka ya isa. In ka fi so, buga umarnin Date kafin aiki da bayansa, yana nuna har daƙiƙa. Buɗe Shell ka yi waɗannan, kana rubuta lokacin kowanne a takarda:

Copy DF0:gwaji.lha TO NIL:

Wannan karatu ne zalla daga DF0:, wato na'urar filofi. NIL: rami ne, abin da aka zuba masa ya ɓace, don haka lokacin da ka samu na faifai ne kawai. Sai ka kwafe ƙunshin zuwa RAM:, wato ma'ajiyar fayiloli da ke cikin memori, ka gwada shi a can:

Copy DF0:gwaji.lha TO RAM:
lha t RAM:gwaji.lha

Harafin t na sa LhA ya kwance komai ya duba CRC ba tare da ya rubuta ko da bait ɗaya ba. Lokacin da ya fito shi ne na firosesa da memori, babu hannun faifai a ciki. Na uku, yi kwancewar yadda ka saba yi kullum, daga faifai zuwa faifai. In ka cire na farko da na biyu daga na uku, abin da ya rage shi ne na rubutu da kai-komon kan na'ura.

Yanzu dubi takardarka. In na biyu ne ya fi girma, memori da firosesa kake bukata. In na farko da ragowar ne suka rinjaya, to faifai ne matsalarka, kuma a na'urar da filofi kaɗai take da shi haka abin ya fi kasancewa. Lissafin ba shi da wuya: faifan Amiga kilobait 880 yake ɗauka, kowane layi na da yanki 11 masu bait 512, yana juyawa sau 5 a daƙiƙa. Ko da komai ya tafi daidai, ba zai ba ka abin da ya wuce kilobait 27 da rabi a daƙiƙa ba, kuma a aikace ba a kaiwa nan, musamman wajen rubuta ƙananan fayiloli masu yawa.

Mataki na 2: gane irin memorin da ke cikin na'urarka

A wannan wurin mutane da yawa suke ruɗuwa, kuma ba laifinsu ba ne. Buga Avail. Za ka ga layin chip da layin fast. Idan na'urarka na da katin A501, ko wani irinsa, a ƙofar da ke ƙarƙashin kwamfutar, Avail zai nuna maka kilobait 512 a layin fast, ka ɗauka ka samu rijiyar cikin gida. Ba ka samu ba. Wannan memori yana zaune a adireshin $C00000, kuma ta hannun Agnus ake isa gare shi, wato layin famfon nan dai firosesa za ta bi. Shi ya sa masu Amiga suke kiransa Slow RAM. Yana ƙara wuri, wanda abu ne mai amfani, amma ba ya ƙara gudu ko kaɗan.

Fast RAM na gaskiya a A500 ta ramin gefen hagu yake shigowa, ko ta soket ɗin firosesa. Wanda ya shigo ta gefe yana farawa daga $200000, kuma wurin megabait 8 yake ɗauka. Don ka ga adireshin da idonka, buɗe ShowConfig da ke foldar Tools a Workbench 3.1, ko manhajar SysInfo ta Nic Wilson.

Idan kana da iri biyun kuma Kickstart ɗinka, wato tushen manhajar da ke tada na'urar, 1.3 ne, tabbatar FastMemFirst na gudana da wuri a cikin startup-sequence, fayil ɗin umarnin da na'ura ke bi in ta tashi. Aikinsa ya tura memorin $C00000 baya, don a fara ba manhajoji na gaskiyar. In babu shi, za ka iya sa kati mai kyau amma LhA ya sauka a Slow RAM, ka auna ka ga babu bambanci. Daga Kickstart 2.0 zuwa sama tsarin da kansa yake jera su daidai.

Tun da ka juya kwamfutar, ciro A501 ɗin ka duba batir ɗin agogon da ke jikinsa. Waɗannan batura sun haura shekara talatin, suna zubar da ruwa mai cin tagulla. In ka ga kore-kore ko farin gari a ƙafafunsa, yanke shi a ranar. A A500 Plus batir ɗin a kan babban allon kwamfutar yake, ɓarnarsa ta fi muni.

Mataki na 3: zaɓen kati

Ga ra'ayina, jerin fifikon shi ne Fast RAM da ma'ajiya mai sauri tukuna, firosesa ta biyo baya. Dalili kuwa, a kan 68000 ƙarin gudun da Fast RAM ke kawowa matsakaici ne, amma wurin da yake ba ka na yin aikin gaba ɗaya a RAM: shi ne yake kashe yawancin jiran.

A kayan zamanin da akwai A590 na Commodore, akwatin da ake maƙalawa a gefe, mai had dis da gurbin memori har megabait 2. Akwai GVP A530 Turbo, wanda ya haɗa had dis da memori da firosesa 68EC030 mai megahaz 40 a akwati ɗaya. Kaya ne masu daraja, sai dai sun tsufa, samunsu sai an sha wuya, kuma tsohon had dis ɗin ciki ba abin dogaro ba ne.

A sababbi, wanda ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne ACA500plus na kamfanin Individual Computers da ke Jamus. A ramin gefe ake soka shi, ba sai an buɗe kwamfuta ba. Firosesarsa 'yar gidan 68000 ce da ke farawa daga megahaz 14, ana kuma iya ɗaga ta, yana da memori megabait 8 da gurbi biyu na katin ajiya na CompactFlash (CF). Wato matsaloli ukun nan ya taɓa su a tashi ɗaya. Mai son ya wuce nan sai ya dubi TerribleFire TF536 na Stephen Leary, mai 68030 a megahaz 50 da memori megabait 64 da mahaɗin IDE, wanda ake sawa a gurbin firosesa. Sai PiStorm na Claude Schwarz, shi ma a gurbin firosesa, inda ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ke kwaikwayon firosesar gidan 68000, musamman da manhajar Emu68 ta Michal Schulz. Da wannan, kwancewa ta daina zama abin da ake jira. Ni dai ina ganin ga wanda burinsa kawai ya riƙa sauko da kaya yana kwancewa yana wasa da su, katin gefe ya wadatar, kuma ya fi barin na'urar da halinta na asali.

Abu ɗaya da ba zai taimaka maka ba shi ne FPU, wato 68881 ko 68882. Aikinsa lissafin lambobi masu ɗigo ne, kwance ƙunshi kuwa da cikakkun lambobi ake yin sa daga farko har ƙarshe. Ajiye kuɗinka.

Mai Amiga 1200 labarinsa ya ɗan bambanta. Ta fito a 1992 da 68EC020 mai megahaz 14 da Chip RAM megabait 2, babu Fast RAM ko kaɗan, don haka firosesar a takure take. Katin memori kaɗai a ƙofar ƙasa kan kai gudunta kusan ninki biyu a ayyuka irin wannan. Sai dai ka kula: katin memori zalla in ya wuce megabait 4 yana hawa kan adireshin ramin PCMCIA, ramin ya daina aiki, kuma ta nan mutane da yawa suke shigo da fayiloli. Katuna masu cikakkiyar 68030, irin Blizzard 1230 IV na phase5, suna ajiye memorinsu a wani adireshi can sama.

Mataki na 4: sa katin

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango. Ramin gefen A500 kai tsaye yake haɗe da ƙafafun firosesa, sokawa ko zarewa da wuta a jiki na iya ƙona kati da kwamfuta a tare. Kafin ka taɓa komai, taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa. In lokacin hunturu ne ka ninka kulawa, domin busasshiyar iskar nan da ke sa riga ta yi tartsatsi in ana cire ta, ita ce dai ke kashe ƙananan sassan lantarki ba tare da ka ji komai ba.

Na gefe: ɓalle murfin robar da ke hagu. Za ka ga bakin allon da layukan zinariya, 86 ne gaba da baya. Goge su da auduga da ɗan sifirit mai tsabta, ka bari su bushe. Daidaita katin sosai ka tura shi a miƙe, kada ka karkata. In ƙasansa bai taɓa tebur ba, sa masa abin da zai tallafe shi, don kada nauyinsa ya rataya a bakin allon.

Na gurbin firosesa ya fi bukatar haƙuri. Kwance sukurorin ƙasa, ɗaga murfi, zare wayar kibod bayan ka ɗauki hotonta da waya don ka tuna yadda take, sannan ka cire garkuwar ƙarfe. 68000 doguwa ce, baƙa, mai ƙafa 64, tana can gefen hagu. Lura da ɓangaren da ke da ɗan yanka a kanta, shi ke nuna inda ƙafa ta 1 take. Sa bakin siririn sukundireba tsakanin firosesar da soket, ba tsakanin soket da allo ba, ka ɗaga kaɗan a wannan kai, ka koma wancan kai ka ɗaga kaɗan, a haka a haka har ta fito. Wanda ya yi gaggawa ya ɗaga kai ɗaya gaba ɗaya zai lanƙwasa ƙafafun ɗaya kan. Kafin ka danna sabon katin, sunkuya ka kalli layi biyun da fitila ka tabbatar kowace ƙafa na kan raminta.

Akwatin wuta ma abin dubawa ne. Na asali ya tsufa, kati mai 68030 ko Raspberry Pi kuma ya fi tsohuwar firosesa jan wuta. Alamar rashin isasshiyar wuta ita ce na'ura ta riƙa faɗuwa a tsakiyar aiki mai nauyi, ko LhA ya riƙa kawo kuskuren CRC a ƙunshin da ka san lafiyarsa lau. Auna layin bolt 5 da mita yayin da kwamfutar ke aiki. In kuma daga Amurka aka kawo na'urar, akwatinta na wutar 110 ne, kada ka soka shi a wutarmu ta 230 sai da taransifoma.

Kunna, buga Avail, ka tabbatar sabon memorin ya bayyana. Maimaita gwajin lha t ka rubuta sabon lokaci kusa da tsohon.

Mataki na 5: buɗe aljihun firosesa, ka sa LhA da ya dace da ita

Daga 68020 zuwa sama, firosesa na da ɗan aljihu a jikinta inda take ajiye umarnin da ta yi amfani da shi yanzu-yanzu, don kada ta sake zuwa memori ɗauko shi. Na 68020 bait 256 ne na umarni. 68030 na da 256 na umarni da 256 na bayanai, 68040 na da kilobait 4 kowanne, 68060 kuma kilobait 8 kowanne. Ƙanana ne, amma zuciyar mai kwancewa ɗan gajeren zagaye ne da ake maimaitawa ba iyaka, irin abin da aljihun ya fi amfana ke nan.

Tabbatar SetPatch ne umarni na farko a startup-sequence. Sannan buga CPU shi kaɗai, zai gaya maka irin firosesar da halin da aljihunan suke. In a rufe suke:

CPU CACHE BURST

A Workbench 1.3 babu wannan umarni, sai ka nemo SetCPU na Dave Haynie. Masu 68040 da 68060 dole su sa 68040.library ko 68060.library da ya dace da katinsu a foldar LIBS:, in ba haka ba na'urar ba za ta zauna lafiya ba. Akwai kuma CPU FASTROM, mai kwafe Kickstart zuwa Fast RAM. Yana bukatar MMU, sashen firosesa mai sarrafa adireshin memori, wadda 68EC030 ba ta da ita, kuma taimakonsa a ɓangaren karatu da rubutu yake, ba a lissafin kwancewa ba.

Shi kansa LhA iri-iri ne. Fayil ɗin lha.run na Aminet in ka gudanar da shi zai zubo lha_68k da lha_68020 da lha_68040. Ɗauki wanda ya dace da firosesarka ka kwafe shi da sunan lha:

Copy lha_68020 TO C:lha

Mai 68030 na 68020 zai ɗauka. Mai ACA500plus ko katin memori zalla ya tsaya a lha_68k, domin har yanzu 68000 ce ke aiki komai gudunta, in ka ba ta na 68020 saƙon faɗuwa na Guru Meditation za ka gani. LZX, wanda Jonathan Forbes da Tomi Poutanen suka fitar a 1995, shi ma haka yake zuwa kashi-kashi bisa firosesa. Ya fi LhA matsewa, ya kuma fi shi cin memori wajen kwancewa, don haka shi ne ya fi nuna amfanin sabon katin.

Mataki na 6: yi aikin a RAM:

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne biya, kuma saboda shi aka sayi memorin. Fara da duba girman abin da zai fito (Work: a nan sunan had dis ko katin CF ɗinka ne):

lha v Work:kaya/wasa.lha

Layin ƙarshe zai nuna jimillar girman asali da na matse. Haɗa biyun, ka ƙara 'yan ɗaruruwan kilobait na aikin LhA da na tsarin kansa. A ce ƙunshin megabait 1 ne, abin da ke ciki megabait 2 da rabi, to megabait 4 na Fast RAM zai ɗauke su duka. Buga Avail FLUSH don a saki abin da ba a amfani da shi, sannan:

Copy Work:kaya/wasa.lha TO RAM:
MakeDir RAM:sabo
lha >NIL: -a x RAM:wasa.lha RAM:sabo/
Copy RAM:sabo TO Work:Wasanni ALL CLONE QUIET

Kada ka manta da karan da ke ƙarshen RAM:sabo/, in babu shi LhA zai ɗauka sunan fayil kake nema a cikin ƙunshin. Alamar -a na riƙe alamomin kariya na fayiloli, CLONE kuma na riƙe su da kwanan wata wajen kwafewa. Shi kuwa >NIL: yana hana LhA rubutu a sikirin. Abin kamar wasa, amma a ƙunshi mai ɗaruruwan ƙananan fayiloli, tura layukan rubutu sama a tagar Shell aiki ne da ake yi a Chip RAM, kuma yana cin lokaci na gaske. A Workbench 1.3 dole >NIL: ya biyo sunan umarnin kai tsaye kamar yadda na rubuta. Ka riƙa kwancewa a foldar da babu komai a ciki, domin in LhA ya tsaya yana tambaya ko ya rubuta a kan wani fayil, ba za ka ga tambayar ba. In kana shakkar lafiyar ƙunshin, yi lha t tukuna da idonka a kai.

In memori bai isa duka biyun ba, bar ƙunshin a faifai ka kwance zuwa RAM:. Abin gudu shi ne karatu da rubutu a kan filofi ɗaya ko tsohon had dis ɗaya a lokaci guda, inda kan na'urar zai yi ta safa da marwa tsakanin wuri biyu. Ka sani kuma RAM: in ya cinye Fast RAM zai gangara cikin Chip RAM ba sallama, gudun ya faɗi, daga nan sai tagogi su ƙi buɗewa. Don babban ƙunshi, a Kickstart 3.1 riƙe maɓallan linzami biyu lokacin kunnawa, zaɓi tashi ba tare da startup-sequence ba, buga SetPatch da hannunka, ka yi aikin a nan. Babu Workbench, babu launuka masu yawa, memori duka naka ne.

Abin da ke RAM: da an ɗauke wuta ya tafi, amma wannan asara ce mai sauƙi tunda ƙunshin na nan a faifai. Wadda ta fi ciwo ita ce wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a faifai mai tsarin ajiyar fayiloli na FFS, domin sai ya sake tantance kansa gaba ɗaya, wani lokaci ma ya kasa. Kwancewa a RAM: na taƙaita lokacin da faifai ke cikin wannan haɗari zuwa ɗan kwafin ƙarshe. Duk da haka ƙaramin UPS a bayan na'ura mai shekaru irin waɗannan ba almubazzaranci ba ne.

Mataki na 7: gyara ɓangaren faifai

Tsohon tsarin OFS bait 488 kawai yake amfani da su a kowane yanki mai 512, kuma a hankali yake. FFS, da ya zo da Workbench 1.3, ya fi shi. PFS3 na Michiel Pelt ya fi su duka wajen ƙananan fayiloli masu yawa, kuma ɗaukewar wuta ba ta jefa shi cikin dogon tantancewa. In za ka shirya sabon katin CompactFlash, shi nake ba da shawara.

A HDToolBox, manhajar shirya faifai, sa MaxTransfer, wato iyakar abin da ake kwasa a tashi ɗaya, a 0x1FE00 ga kowane ɓangare na katin CF ko faifan IDE. In aka bar shi da girma, manyan fayiloli na lalacewa a ɓoye wajen kwafewa, sai ka ga ƙananan ƙunshi na kwancewa lafiya, manya na kawo kuskuren CRC, ka yi ta zargin memori. Ƙara wa faifan wurin ajiyar wucin gadi ma na taimakawa:

AddBuffers Work: 200

A faifai mai yanki 512, wannan kusan kilobait 100 zai ci, abin da ba za ka iya bayarwa ba a da, yanzu kuwa ba za ka ji shi ba.

DMS da manhajojin da ke kwance kansu

Fayil ɗin DMS hoton filofi ne sukutum, don haka faifai yake nema ya zuba kansa. Maimakon filofi na gaske, ɗora RAD:, faifan da ke zaune a memori. Duba cewa HighCyl ɗinsa 79 ne don ya yi daidai da kilobait 880, buga Mount RAD:, sannan DMS WRITE wasa.dms TO RAD:. Daga nan ka kwashe fayilolin, in faifan na tsarin AmigaDOS ne.

Akwai kuma manhajojin da aka matse da PowerPacker na Nico François ko Imploder, waɗanda ke kwance kansu duk lokacin da aka buɗe su, wani lokaci sikirin na walƙiya da launuka. A zamanin filofi dabara ce mai kyau. Yanzu da kake da katin CF, kwance su sau ɗaya da xfdDecrunch ka ajiye su a buɗe. Ka huta da jira, ka kuma kauce wa faɗuwar da wasu tsofaffin masu kwancewa ke yi a kan 68040 da 68060 in aljihu na buɗe.

Za ka iya cewa me zai hana a kwance komai a kwamfutar zamani a kwafo. Matsalar ita ce fayilolin Amiga na ɗauke da alamomin da Windows da katin FAT ba su san da su ba, irin s na fayil ɗin umarni, da kuma ɗan bayanin da ake liƙa wa fayil. Buga List ka gan su a jere. In suka zube a hanya, sai manhajar sakawa ta ƙi tashi ba ka san dalili ba. Idan ƙunshin ya yi girman da na'urarka ba za ta iya ba, haɗa katin CF ɗin da WinUAE, manhajar da ke kwaikwayon Amiga, a kwamfutar zamani, ka tashi Workbench ɗinka a ciki, ka buga lha -a x ɗin nan dai a can, sannan ka mayar da katin cikin Amiga.